An ce sai an yanke muƙamuƙin ƙanwata, shin babu wata hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Rigasa nake rubutowa. Ƙanwata mai shekara 23 tana da kumburi a muƙamuƙinta na ƙasa ta gefen hagu, yau kusan shekara uku. Ba ya mata ciwo, sai dai kullum ƙaruwa yake, har haƙoranta biyu sun fara girgiɗi. An yi na gargajiya, wanzami ma ya taɓa tsagawa, ruwa ya fita, ya saɓe, daga baya ya dawo. A asibiti an ɗauki hoto, an yanki tsoka an gwada, aka ce sunan ciwon amelobilastoma, kuma sai an yanke wani sashe na ƙashin, a ɗebo wani daga ƙugunta a dasa. Kakarmu ta ce ba da yawunta ba, wai daji ba ya son ƙarfe. Ga shi an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Babu allura ko ƙwayar da za ta narkar da shi? In kuma aikin dole ne, ba za a bari sai bayan biki ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi mata.

Ban ga ƙanwarka ba, ban ga hotonta ba, saboda haka maganar likitan da ya sa hannu ya duba ta ita ce gaba da tawa. Amma in dai sakamakon gwajin ya tabbata amelobilastoma ne, to abin da aka gaya muku shi ne daidai. Ba kansa ba ce, wato ciwon daji, irin wadda ke bin jini ta watsu a jiki, kuma ana warkewa sarai. Sai dai babu ƙwaya, babu allura, babu sassaƙen da ke narkar da shi. Wuƙa ce maganinsa. Kuma yankan nan da ya tayar muku da hankali, a yau ne yake mafi ƙanƙanta. Duk watan da ya wuce, ƙashin da za a cire ƙaruwa yake yi.

Ga asalin abin. Lokacin da haƙori ke ginuwa a cikin dasashin yaro, akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne shimfiɗa farin rufin nan mai tauri da ke saman haƙori. In sun gama sai su watse, amma akan bar 'yan burbushi a kwance cikin ƙashi. A wurin yawancin mutane burbushin nan haka zai zauna shiru har ƙarshen rayuwa. A wurin wasu kuma sai ya farka ya shiga hayayyafa, ya zama ƙari a tsakiyar ƙashin. Ba rashin goge baki ke kawo shi ba, ba shan zaƙi ba, ba cin goro ba, ba a ɗaukarsa a wurin wani, ba kuma jifa ba ne. Kusan huɗu cikin biyar a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi can baya wajen turame, kuma ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40. A hoto yakan fito kamar kumfar sabulu ko saƙar zuma, ramuka ramuka a inda ya kamata a ga ƙashi cike.

Mu a Kaduna ba baƙonmu ba ne. Sashen tiyatar muƙamuƙi da fuska na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe a cikin garin nan kafin a tattara komai a Shika kusa da Zariya, kuma tun 1980 Farfesa E. O. Adekeye ya wallafa bayanin 'yan Nijeriya 109 masu wannan ciwo. Abin da na gaba da mu suka koka da shi, shi muke kokawa da shi har yau: mutane ba sa zuwa sai ƙarin ya girma.

Dalilin kuwa shi ne wannan kalma da ka faɗa, ba ya mata ciwo. Da zogi yake yi kamar kogon haƙori, da tun makon farko kun kai ta. Shi kuwa cin gara yake yi. Daga waje azara tana nan tsaye, ciki ya zama gari. Yana tura ƙashin yana sirantar da shi, har akan kai matakin da in likita ya danna da yatsa sai ya ji yana ɓarɓas kamar ɓawon ƙwai. Yana cinye saiwar haƙora, shi ya sa nata biyu suka fara girgiɗi. Ruwan da wanzami ya fitar kuwa, daga ɗaya daga cikin ramukan nan ya fito. An zubar da ruwan, amma abin da ke ƙera ruwan yana nan, don haka ya sake cika. Ina roƙonku kada a sake tsagawa, kada a yi ƙaho, kada a manna wani ƙulli mai zafi a kai. Tsagar nan hanya ce ta shigar ƙwayoyin cuta, kuma in wurin ya yi mugunya dole sai an tsaya an kashe ta kafin a taɓa ƙashi. Fatar da magani ya ƙona ma ba ta ɗinkuwa da kyau, alhali ita muke so mu rufe aikinmu da ita.

Maganar kaka kuma, kada ku yi mata dariya, don abin da idonta ya gani take faɗa. Ta ga an kai mutum asibiti da daji, an yi masa aiki, bai daɗe ba ya rasu. Abin da ba ta gani ba shi ne shekarun da ciwon ya yi yana cin mutumin a gida kafin a kai shi. Ƙarfe ya zo a makare ne, sai laifin ya faɗa kansa. Balle ma wannan ba shi ne dajin da take tsoro ba. Amelobilastoma a inda ya tsiro nan yake ɓarnarsa, ba kasafai yake zuwa wani wuri a jiki ba. Amma in aka ƙyale shi ba ya tsayawa. Na ga waɗanda ya cika musu baki har ba sa iya rufe leɓe, abinci ya gagara, suka rame, ƙarin ya fashe yana wari yana zubar da jini. Wanda ya fito a muƙamuƙin sama ya fi haɗari, domin ƙashin can siriri ne, kuma ido da gindin ƙwaƙwalwa suna kusa.

Akwai tambayar da ba ka yi ba amma na san za a yi ta a gida: me ya sa ba za a buɗe a kankare ƙarin kawai a bar ƙashin ba? In ka taɓa noma ka san kiri-kiri. Ka share ta tas, ka bar guntun saiwa ɗaya a ƙasa, ruwan farko na sauka ta dawo. Haka wannan ƙari yake. Yana cusa 'yan yatsu a cikin ƙofofin ƙashin da ke kewaye da shi, inda ido ba ya gani, hoto ma ba ya nunawa. A rahotanni da dama, fiye da rabin waɗanda aka yi wa kankara kawai ciwon ya dawo musu, kuma in ya dawo aikin ya fi na farko wuya, domin wani lokaci ya riga ya fita daga ƙashi ya shiga tsoka. Shi ya sa ake yanke shi tare da ƙashi mai lafiya, kimanin santimita 1 zuwa 1.5 ta kowane gefe. In aka yi haka dawowarsa ba ta da yawa.

Sai dai akwai togaciya, kuma haƙƙinku ne ku sani. Akwai wani nau'i mai rami ɗaya tak, kamar jaka, wanda ya fi fitowa a jikin matasa, sau da yawa a kewaye da turmin ƙarshe da bai huda dasashi ba. Wasu daga cikin irin wannan ana iya ɓare jakar gaba ɗaya, a goge bangon ƙashin, a shafa wani sinadari da ke kashe abin da ya saura, ba tare da an yanke muƙamuƙi ba. Don haka ka tambayi likitanta kai tsaye: wane nau'i ne nata, mai rami ɗaya ko mai ramuka da yawa? Tunda ya ce a yanke, zatona mai ramuka da yawa ne, amma ji daga bakinsa ya fi zatona. In hankalinku bai kwanta ba, ku ɗauki hoton da takardar gwajin ku kai wa wani likitan tiyatar muƙamuƙi, a Shika, ko Barau Dikko, ko Asibitin Sojoji na 44, ko na Malam Aminu Kano. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Abin da nake hanawa shi ne a mayar da neman shawara hanyar jan ƙafa, a yi wata shida ana yawo da hoto a leda.

Yanzu ga inda lokaci ke shigowa. In ƙarin ƙarami ne kuma bai kai gindin ƙashin ba, mukan yanke saman mu bar gefen ƙasa a haɗe, kamar a cire tsakiyar katanga a bar tushe. Siffar fuska ba ta canzawa, ba a ma buƙatar ƙarfe mai yawa. In ya cinye har ƙasa, sai an datse sashe guda sukutum, muƙamuƙin ya rabu biyu, a nemi abin da zai haɗa. Da alama nan ƙanwarka take. In aka ƙara jira, sai ya hau sama zuwa gaɓar da ke gaban kunne, a cire rabin muƙamuƙi har da gaɓar. In kuma ya tsallaka haɓa zuwa ɗaya gefen, nan ne aikin ke zama babba ƙwarai, domin a bayan haɓa tsokokin da ke riƙe harshe suke manne, in aka cire wurin harshe yakan koma baya ya toshe numfashi, kuma siffar haɓa ita ce mafi wuyar maidowa.

Giɓin da aka bari ana cike shi ne da abu biyu. Na farko faifan ƙarfen titaniyam, siriri mai huji huji, ana lanƙwasa shi daidai da zubin muƙamuƙinta a ɗaure da ƙananan sukurori. Jiki ba ya faɗa da shi, ba ya tsatsa. Amma ƙarfe kaɗai ba ya ɗorewa, yau da gobe yakan karye ko ya hudo fata, shi ya sa ake son ƙashi. Nata na jikinta shi ne mafi kyau, domin jiki ba ya ƙin abinsa. In giɓin bai wuce kamar santimita 6 ba, ƙashin ƙugu yana wadatarwa. Daga saman gefen ƙugu ake ɗiba, wurin nan da mutum ke dafawa in ya riƙe ƙugu. Na san abin da mata za su fara tambaya, don haka bari in amsa tun yanzu: wurin ya yi nesa da hanyar haihuwa, ba ya hana ɗaukar ciki, ba ya hana haihuwa. Za ta yi ɗingishi na 'yan makonni, ya wuce. In har da gaɓar gaban kunne aka cire, akan ɗauko haƙarƙari da guringuntsinsa. In giɓin dogo ne sosai, hanya mafi inganci ita ce a ɗauko siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyin jininsa, a ɗinka su da na wuya a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman gani, ƙashin ya zo da ransa. Wani likita mai suna David Hidalgo ne ya bayyana wannan dabara don gyaran muƙamuƙi a Amurka a 1989. Aiki ne mai cin awanni da kuɗi, kuma ba kowace cibiya ke da kayansa da masu yin sa ba. Wannan ma wani dalili ne na yin aikin tun ƙugu yana isa.

Fuskarta fa? Ba zan ce maka za ta koma kamar ba a taɓa ba. Amma ka tuna yanzu ma fuskar a karkace take. Yankan ba a kumatu ake yin sa ba, a ƙarƙashin muƙamuƙi ne, kimanin faɗin yatsu biyu ƙasa da gefen ƙashin, don a kauce wa jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa. In ya warke yakan ɓuya a ninkin wuya, mayafi ma ya rufe shi. Wani lokaci ta cikin baki ake bi gaba ɗaya. Abin da dole ku sani kafin ku sa hannu shi ne, akwai jijiyar ji da ke ratsa tsakiyar ƙashin muƙamuƙi ta fito wajen haɓa. Ƙarin yakan naɗe ta, sai a cire su tare. Rabin leɓenta na ƙasa da haɓar wannan gefe za su yi dindiris kamar an yi allurar cire haƙori, kuma sau da yawa haka za su zauna. Leɓen yana motsi, tana magana, tana murmushi, ji ne kawai babu. Sai ta riƙa taɓa kunu da shayi da ɗaya gefen kafin ta kurɓa, kada ta ƙone ba ta sani ba. Haƙoran da ke kan sashen da aka yanke su ma sun tafi. Bayan dashen ya kama, wata uku zuwa shida ko fiye, sai a yi mata na roba masu cirewa, ko a dasa masu dindindin in da hali.

Kwanakin farko bayan aiki su ne masu wuya. Fuska za ta kumbura fiye da da, kada ku firgita. Akan sa siririn tiyo ta hanci zuwa ciki a riƙa ba ta abinci ta nan na mako ɗaya ko fiye, don kada abinci ya taɓa ɗinkin cikin baki. Babban abokin gabar dashen ƙashi shi ne yawu da ƙwayoyin cutar baki su sami ƙofa su shiga, in suka shiga dashen na iya ruɓewa a yi asararsa. Wani lokaci ana ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na mako huɗu zuwa shida don kada wurin ya motsa. A wannan lokaci kunun gyaɗa, madara, romo da aka tace, fura da aka dama ta yi ruwa aka tace, su ne abincinta. Mai jinya ta dage da wanke mata baki da ruwan maganin da aka ba su bayan kowane ci. Na sha ganin aiki ya yi kyau a ɗakin tiyata, ya lalace a gida saboda wata gwaggo mai tausayi ta ga yarinya ta rame ta lallaɓa ta ba ta tuwo.

Game da allura da gashi, wato ƙona ƙari da hasken na'ura: allurar ciwon daji ba ta aiki a kan wannan ƙari, gashi ma ba shi ne maganinsa ba, sai a inda wuƙa ta kasa kaiwa. A 2014 masu bincike sun gano cewa da yawa daga cikin na muƙamuƙin ƙasa suna ɗauke da wani canji a ƙwayar gado da ake kira BRAF, kuma ana gwada wasu magunguna da ke toshe wannan canji, an ga suna rage girman ƙarin a jikin wasu. Amma magungunan tsada gare su matuƙa, ana amfani da su ne ga wanda ciwonsa ya gagari tiyata, ba su maye gurbinta ba. In wani a intanet ko a kemis ya ce yana da maganin da ke narkar da shi, kuɗinku yake so. Addu'a da tofi kuwa a ci gaba, ba sa karo da tiyata. Mu ma da bismilla muke ɗaukar wuƙa.

Sai maganar biki, wadda na san ita ce ta fi nauyi a gidan. Ciwon nan a hankali yake girma, saboda haka jinkirin 'yan makonni don a haɗa kuɗi da masu ba da jini ba zai canza komai ba. Amma ni dai shawarata, a yi aikin kafin aure, ko da za a ɗaga ranar. Amarya in Allah ya kawo rabo da wuri, ba za mu so mu yi mata doguwar tiyata da maganin barci tana da juna biyu ba, sai in dole. Sai a ce a bari ta haihu. Ta haihu, a ce a bari ta yi arba'in, a bari jariri ya yi ƙwari, a bari ta yaye. Kafin a yaye wani cikin ya shiga. Ta haka wata uku ke zama shekara huɗu, mu kuma a kawo mana ita da ƙarin ya tsallaka haɓa. Wannan ba sau ɗaya na gani ba, ba sau biyu ba. Kuma a gaya wa angon da iyayensa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ce musu ƙari ne ba kansa ba, ba a ɗauka, ba gadonsa 'ya'yanta za su yi ba. In yana so ya zo asibiti ya ji da kunnensa, ƙofa a buɗe take.

Tunda wasu za su karanta wannan amsa, bari in ɗan ratse, kada wani ya ɗauka duk kumburin muƙamuƙi ne ke ba da lokaci. Yaro ƙarami da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin makonni, haƙora suka saki, ana tsoron kansar yara da Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Ita gudu take yi, kuma allura ce maganinta, ba yanka ba, tana kuma jin magani in an zo da wuri. Wanda ciwon haƙori ya kumbura masa ƙarƙashin haɓa gefe biyu, ga zazzaɓi, harshe ya tashi, haɗiyar yawu ta gagara, wannan a daren za a kai shi asibiti, ba a jiran gari ya waye, domin numfashi ne ke shirin toshewa. Gyambon baki kuma da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko mai cusa garinta a dasashi, a kai a duba.

Ka nemi a rubuta maka kiyasin kuɗin aikin dalla-dalla, domin faifan ƙarfen daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. In tana da rajistar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, wato KADCHMA, ko ta tarayya, ka je ofishinsu ka ji abin da za su ɗauka tun kafin ranar kwanciya. Asibitocin koyarwa suna da ofishin taimakon marasa lafiya, babu kunya a ƙwanƙwasa. Ka shirya 'yan'uwa biyu ko uku da za su ba da jini. Bayan aiki, sashen da aka cire za a sake kai shi ɗakin gwaji a duba ko gefunansa sun fita tsaf, ka tabbata kun karɓi wannan sakamako kun adana shi da hotunan a wuri ɗaya. Kuma kada ta ɓace mana don ta ga ta warke. In zai dawo ya fi dawowa cikin shekara biyar na farko, amma an ga wanda ya dawo bayan shekara goma da ɗoriya, saboda haka ko aure ya kai ta wani gari ta riƙa zuwa ana ɗaukar hoto a lokutan da aka sa mata.

Ranar da za ku koma asibiti, ku tafi da kaka. Kada ku tsaya musu da ita a tsakar gida, ba za ku ci ba. Ku roƙi likitan ya ɗora hoton a kan fitila ya nuna mata gefen dama mai lafiya, fari sol, sannan ya nuna mata na hagu da ramukansa, ya bar ta ta yi tambayoyinta da Hausa. Ita ce fa za ta zauna jinya ta dama kunun.